Surfen Rifkatu

Bana shekara hamsin ke nan da muka rasa Rifkatu. Ni ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Da baki nake magana ana rubutawa. Amma lissafin damina ba ya kuɓuce mini. Ta rasu ne a daminar da ta biyo bayan babban farin nan, gero ya fid da kai bai kai ga nuna ba. Ko tumu ba ta gasa ba.

Ba don in yi kuka a jarida na buɗe baki ba, na wuce wannan. Kabarinta ne ya sa. Yana nan bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa, gefen layin dogo, inda 'yan reluwe suke binne nasu a da. An sayar da filin. Wanda ya saya ɗan garin nan ne, a gabana aka haife shi, ba zan kira sunansa ba. Ya ce ruwan farko na sauka zai sa garma. Abin da na roƙa a wurinsa bai fi faɗin tabarma ba: in shanu sun zo daidai wurin, su kewaye. Yadda muka ƙare zan faɗa muku, amma sai kun san ko wace ce, tunda a garin da ta mutu dominsa ma sai na yi bayani.

Rifkatu Kirista ce, 'yar kudancin Zariya. Mijinta Bulus yana cikin masu gyaran layin dogo, aiki ne ya kawo su. A wancan zamani Tasha, garin da ya taso a gefen tashar, gari ne mai rai. Jirgin Nguru ya tsaya, a sauke kaya, a loda gyaɗa, mu masu fura da ƙosai mu yi ta gudu a gindin tagogi. Ni a wani ƙauye na wajen Sule Tankarkar aka haife ni, aure ya kawo ni Tasha, kuma duk wanda ya sha furata a lokacin ya san babu ta biyunta daga Gumel har bakin iyaka. Wajen furar muka saba. Ta saya, ta kurɓa, ta ce yaji ya yi yawa. Na ce ke da kika tashi da kunun masara, me kika sani a fura? Ta yi dariya har ta ƙware. Daga ranar ni ce Mai Yaji, ita ce Mai Masara. A gaban mutane kuwa ni Delu, ita Uwar Ishaya.

Kiristocin Tasha ba su da yawa. Gidajen 'yan reluwe ne, sai wani tela, sai mai ba da magani. Cocinsu ɗakin ƙasa ne da rufin kwano, an rataye guntun ƙarfen layin dogo a bishiya, shi suke bugawa ran Lahadi. Da Sallah mu aika musu nama, da Kirsimeti su aiko mana shinkafa, wasu su ci, wasu su zuba wa kaji. Haka muke, ba ƙauna mai zafi, ba faɗa.

Sai fari ya zo. 'Yan yanzu in na ce fari sai su ɗauka tsadar mudu nake nufi. A'a. Wajen shekarar da aka canja kuɗi ne, aka bar fam da sule. Aka yi shuka ta ƙone, aka sake ta ƙone, iri ya ƙare a ƙasa. Maza suka watse cin rani tun lokacinsa bai yi ba, har da maigidanmu. Mata suka shiga daji neman tafasa da yaɗiya da 'ya'yan aduwa. Na ga matar da ake shimfiɗa wa tabarma ta daban a gidan biki ta durƙusa tana tona gidan tururuwa tana tsince tsaba. Daga arewa kuma mutane suka yi ta kwararowa ta Maigatari, Buzaye da Fulani da Damagarawa, dabbobinsu sun zube a hanya. Da yawa suka gangaro har Tasha don sun ji jirgi na kai mutum Kano. Ba su da na jirgin. Suka zauna a rumfar gyaɗa suna kallon layin dogo.

Matan coci ne suka fara motsawa. Dama suna da wata al'ada: duk wadda za ta ɗora tukunya sai ta ɗebi tsaba hannu guda ta ajiye gefe, ran Lahadi a haɗa a tulu ɗaya, na marar lafiya da mai jego. Rifkatu ce ke riƙe da tulun. Da abin ya tsananta suka aika wa danginsu can inda ruwa bai yanke ba, cocin ƙauyukansu suka riƙa haɗo masara da dawa ana ɗorowa a jirgi. Ba wani mai yawa ba ne, wani makon ma jirgi ya zo wayam. Suka yanke bakin gangar ƙarfe suka mai da ita tukunya, suka kafa murhu a ƙofar coci. Da hantsi a buga ƙarfen nan, a jera, a zuba wa kowa kunu ko fate. Ba su tambayi addinin kowa ba. Wannan na gani da idona, zan kuma maimaita shi a gaban Allah.

Baƙi suka ci. 'Yan gari ba su zo ba.

Kuskure ne irin na mutanen kirki waɗanda ba su san mu ba. Su a ganinsu mai jin yunwa zai zo inda abinci yake. Ba su san manomin ƙasar Gumel ba. Mutumin da kakansa ya sari gonar da yake nomawa, wanda ake auna mutuncinsa da rumbunsa, shi ne zai ɗauki kwano ya tsaya a layi a bainar jama'a, an buga masa ƙarfe? Har jikokinsa sai an riƙa nunawa da baki. Mata kuwa da yawa ko fita ba sa yi. Akwai gidajen da ake hura wuta a ɗora ruwa zalla, don kawai maƙwabta su ga hayaƙi ya tashi.

Da Rifkatu ta lura sai ta koma aika kwano gida-gida. Abin ya ƙara lalacewa. A wurinmu kwanon maƙwabciya ba ya komawa wayam. In an aiko miki da tuwo, ko ɗan daddawa ne, ko kuka, ko gyaɗa, sai kin sa a ciki kin mayar. To wadda ba ta da ko barkono, me za ta sa? Sai ta mayar da kwanon yadda ya zo, a rufe, da zafinsa, ta ce a gaya wa Uwar Ishaya an gode, yanzun nan muka sauke namu. Wani gida da aka mayar da kwano haka, ba a jima ba aka fito da gawar yarinya. Daga ƙofar gidan ana jin ƙamshin gangar coci.

Na je na same ta bayan coci tana surfe. Ita da mata 'yan kaɗan ke surfa duk abin da gangar nan ke ci, tafin hannunta ya fashe ta naɗe da tsumma. Tana daka tana hawaye.

Ta ce, "Delu, gaya mini gaskiya. Don mu Kiristoci ne?"

Na ce, "Akwai masu wannan, ba zan ɓoye miki ba. Amma ko liman ne ya kafa ganga ya buga ƙarfe, waɗannan ba za su zo ba."

"To su mutu ke nan?"

"Ai suna mutuwa."

Ta yar da taɓarya. "Wane irin mutane ne ku? Girman kai har bakin kabari?"

Na ce, "Irin waɗanda kika zo garinsu. Ɗauki taɓaryarki, Mai Masara. Dubi surfen ma, wallahi ko amaryar jiya ba za ta yi wannan ba. Rabi ya farfashe, rabi yana nan da rigarsa."

Ta ce, "To ke gwana, bismilla."

Ina karɓar taɓaryar nan dabara ta faɗo mini. Ni na fara kawo ta, wannan ba na bar wa kowa. Na ce, "Uwar Ishaya, sadaka ce ba ma karɓa a fili. Aiki muna karɓa. Ki daina aika dafaffe. Ki aika ɗanye, ki ce hannunki ya fashe, a taimaka miki da surfe."

Ga wanda bai tashi kusa da turmi ba: surfe shi ne a yayyafa wa hatsi ruwa a daka a hankali har bayansa ya fita, a bakace, a wanke. Kuma tun kakanninmu, dusar da ta fita da ruwan wankin na mai surfe ne. Ba kyauta ba ce, hakkinta ne, ba mai tambaya. Na ce mata, "Masarar da ta sha hanya ta sha ƙwari, wa zai rantse ga iyakar tsaba ga iyakar dusa a cikinta?"

Ta leƙa cikin turmin. Can ta ce, "Wato in aika ƙwarya cike, a dawo mini da rabi."

"Ki kuma yi faɗa. Amma masarar za ki zaga, ba mai surfe ba."

Sai ta ƙara nata, kuma nata ya fi nawa, na yarda. Ta ce in gidajen yunwa kaɗai ake kai wa, nan da nan gari zai gane, ƙwaryar ta koma ta bara. Don haka a kai har gidajen da ke da sauran hatsi a rumbu, a roƙe su taimako su ma. Su za su mayar da tsaba cif, su ba awakinsu dusa. Wanda ya ga ƙwarya ta shiga gida ba zai san wane iri ba ne.

Ni ce mai kaiwa, don dama da ƙwarya aka saba ganina, kuma na san hayaƙin kowane gida, na gaskiya da na ƙarya. Sai in yi sallama in ce, "Matar reluwen nan hannu ya ƙi, ko surfe ba ta iya ba, don Allah a rufa mata asiri." Kun ji fa, mu ne muke rufa mata asiri. Matar gida ta ɗan ja aji, ta ce ayyuka sun yi mata yawa, amma dai ajiye. In zan fita in ce, kamar yanzu na tuna, "Af, masarar fa ta banza ce, jiya inda aka kai rabi duk a dusa ya tafi." Ba ta kallona, ba na kallonta.

In na dawo da ƙwarya, Rifkatu ba ta taɓa leƙawa ba. Baya take juyawa ta ce in juye a buhu, tana ɗaga murya yadda na nesa za su ji: "Kai, masarar bana! Dangina sun mai da ni bola, ƙwari suke aiko mini a jirgi!" Ranar da ta ga dama har da ɗora hannu a ka. Sau da yawa dariya ta kusa tona mu.

Ba kowa a cocin ya so abin ba. Dattijonsu ya ce hatsi na shiga gari ba ya dawowa, kunun ganga na ƙara tsinkewa, kuma ba wanda ya san daga hannun wa ya ci. Yana da gaskiyarsa: abin da ya tsaya a gidajenmu daga bakin baƙin rumfa aka rage shi, kuma a cikinsu an yi ta mutuwa. Rifkatu ta ce masa, "Baba, wanda muke yi dominsa ai ba makaho ba ne." Sai matan suka rage tuwon gidajensu suka ƙara a ganga. Ita ta fi kowa ragewa. Na sha ganin ta ɗauraye ludayi ta shanye ruwan ta ce ta ci.

Kada in yi muku ƙarya in ce ta ceci gari. Ba ta ceta ba. An binne mutane da yawa, na gida da baƙi. Wasu gidajen ƙwaryar ta isa a makare, wasu ko surfen suka ƙi. Amma akwai turamen da suka yi shiru suka sake magana. Na san gidajen ɗaya bayan ɗaya. Matan duk sun rasu, ba wadda ta gaya wa mijinta, balle 'ya'yanta. Namiji ya dawo daga cin rani ya tarar da yaransa da rai, aka ce masa aikatau aka yi. Kuma ba a yi masa ƙarya ba.

Da ruwa ya dawo, amai da gudawa suka shiga cikin baƙin rumfa. Ita ke wanke su. Jikin da aka daɗe ana rage wa abinci bai yi gardama ba, ta kwanta ba ta tashi ba. Na je dubiya, idonta ya faɗa. Ta ce, "Mai Yaji, gero ya fid da kai?" Na ce ya fid da. Ta ce, "To ku daina ɓata mini masara." Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, su suna zuwa. Na tsaya daga nesa bayan wani tarago ina jin waƙarsu. Bulus ya haɗa ƙarfe biyu ya kafa mata alama. Ba a daɗe ba aka mai da shi wata tashar, ya tafi da yaran, ban sake jin labarinsu ba.

Nakan zauna in ce, da za ta leƙo yau, me za ta ce? Tasha dai ba za ta gane ta ba. Rabona da jin kukan jirgi har na manta. 'Yan reluwe sun watse, cocin ya zube, ƙarfen kabarinta ma 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun tuge tun tuni.

Yunwa kuwa za ta gane ta. Ta dawo, wannan karon da ruwan sama da komai. Hatsi jibge a kasuwar Maigatari da ta Gumel, motoci na lodi, wanda ya noma ba ya iya saye. Ana kuma rabo, ban ce ba a yi. Na ga irinsa: a tara mata a rana tun safe, a miƙa wa mace ɗan ƙullin shinkafa, a ce ta ɗaga ta kalli waya, a ɗauki hotonta, har garuruwan da ba ta taɓa zuwa ba su san ba ta da abin dafawa. Kuma suna zuwa. Jikokin matan da suka mayar da kwano a rufe, su ne ke turereniya a layi. Ban zarge su ba. Namu halin ya kai yarinya kabari, ina da bakin zargin wani?

Ko wata Rifkatun ta taso yau, a cikin me za ta ɓoye alherinta? Turmi ya tafi. Inji ke surfe, inji ke niƙa, dusa ta zama haja ana auna ta a mudu. Ƙwaryar hatsi kuma, daga hannun Kirista zuwa gidan Musulmi ko daga namu zuwa nasu, yanzu sai an tsaya ana tambayar me ke ƙarƙashinta.

Da na ji maganar garma, na ɗauki sandata na je wurin mai filin. Ya tarbe ni da mutunci, ya kawo ruwa. Ya ce, "Iya, ai ko namu kaburburan ba ma yi musu alama, ƙasa ce ta koma ƙasa. Danginta ma ba su waiwayo ba. Kuma me ta yi wa garin nan? Ni abin da na ji, iyayenmu mata ne suka taimake ta da surfe lokacin da ta kasa. In godiya ce, ai ita ya kamata ta yi mana." Ko gidansu na cikin masu mayar da rabi ko masu mayar da cif, ba daga bakina za a ji ba. Na dai dube shi, ƙato, lafiyayye, da furfura a gemu, na haɗiye abin da na haɗiye.

Na kai magana ƙofar mai unguwa bayan la'asar, dattawa na zaune. Na warware musu yadda aka yi surfen, kamar yadda na faɗa muku. Mai unguwa ya ce, "Iya Delu, ba mu ƙaryata ki ba. Amma fili na mai shi ne, sai dai roƙo. In akwai gidan da za a ce ya ci daga hannun matar nan, sai mu roƙa da hujja. Wane gida ne?" Kowa ya sunkuyar da kai, kowa na tsoron in kira na ubansa. Ina da sunayen da za su cika zauren nan. Amma matan sun ba ni amana ba tare da sun ce uffan ba, sun mutu da mutuncinsu, ba zan tone su don in rufe wata ba. Ita kanta da tana nan sai ta tsinka mini mari.

Gida ɗaya nake da iko da shi. Na ce, "Gidanmu."

Gari ya ɗauka Delu na da sana'a. Wace fura ake yi babu gero babu nono? Ƙwaryar da nake yawo da ita ta mutane ce, tawa a kife take. Ina goye da ɗana na fari, nono ya ɗauke mini, kukansa ma ya daina fita. Ina kai wa gidaje dabarar da ni na ƙirƙira, ban taɓa ɗibar ko ƙwaya ɗaya ba, don ni ce Delu. Wata rana Rifkatu ta ɗaga zanen goyon ta dube shi, ta mayar ta rufe. Ta cika ƙwarya ta dangwarar a gabana ta ce, "Ke da kika cika baki kin fi kowa iya surfe, kullum sai dai ki kai wa wasu. Yau naki nake son gani. Ki kuma sani wannan buhun ya fi duka ƙwari." Na ɗauka. Abin da na mayar bai rufe gindin ƙwarya ba. Ta juya baya ta zagi masara. Haka muka yi ta yi har ta kwanta, ba ta taɓa ɗaga maganar ba, ni ma haka.

Duk wannan na faɗa a gaban maza, ni da ban taɓa roƙon gishiri a maƙwabta ba. Kun san abin da suka yi? Rufa mini asiri suka yi. Wani ya yi murmushi ya ce, "Haba Iya, ke da kika shayar da Tasha fura? Tausayin ƙawarki ne ya sa kike ɗora wa kanki." Wani ya ce tsufa ne, labarai kan haɗe wa mutum. Mai unguwa ya ce Allah ya saka da alheri, za a duba. Aka tashi.

Ɗan da nake goye da shi a lokacin yana wurin, zaune cikin dattawan, shi ma yanzu da jikoki. Shi ya rako ni gida. Muka shiga zaure. Ya ce, "Inna, ko da gaske ne, ai ba a faɗa. Ina da 'yan mata a gida ba a ɗaura musu aure ba." Ban yi fushi da shi ba. Ni na haife shi, ni na koya masa.

To me ya rage na Rifkatu? Ba coci, ba alama, ba ɗan da zai zo ya tsaya a kanta. Na taɓa tambayar wani malami ko zan iya yi mata addu'a, ya yi ta kewaye-kewaye, na bar maganar tsakanina da Allah. Sunanta a baki ɗaya ya saura, bakin kuma haƙoransa sun zube. Sauran abin da ta bari yana yawo a gari da ƙafa biyu, yana zuwa masallaci, yana cin kasuwa, yana aurar da 'ya'ya, bai san ta ba, in an gaya masa ma ba ya so. Ta so a ci ba tare da an san an ci ba, aka kuwa yi mata yadda take so har ya zarce. Na san in ita aka tambaya cewa za ta yi a shuka wurin, mutane na jin yunwa. Ni ce na kasa haƙura.

Jiya na sake komawa, don hadari ya fara haɗowa. An riga an share filin, an watsa taki. Akwai wani kututturen aduwa da nake gane wurin da shi, an tuge an ƙone, an baje tokar. Na yi ta zagaye ina dogara sanda, in ce nan ne, in matsa in ce a'a, can ne. Mai filin ya hango ni ya taho. Ina jin tausayi ne ya kama shi. Ya ce, "To shi ke nan, Iya. Nuna mini daidai wurin, in ya so a kewaye."

Na duba gabas, na duba yamma. Ƙasa duk iri ɗaya. Ban iya nunawa ba.